Lambun bayan gida a Kumasi: daga ina ake farawa?

Mariama (Sawaba):
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawarar masana lambu. Akwai fili a bayan gidanmu, tsawonsa ƙafa 20, faɗinsa ƙafa 15. Ƙasar ja ce, ta yi tauri, ga ɓaraguzan bulo da siminti da magina suka bari. In an yi ruwa mai ƙarfi, nan ruwan kwanon rufi yake zuba, har ya kwana bai tafi ba. Ta gabas kuma akwai mangwaron maƙwabta. Abin da nake so tumatir ne, attarugu, ayoyo, alayyafo da kuɓewa, na miyar gida kawai. Yanzu muna tsakiyar Fabrairu. Wane iri zan sayo a kasuwar Kejetia?

Malam Seidu (Aboabo):
Wa alaikumus salam, 'yata. Ki bar maganar iri tukuna, shi ne na ƙarshe a sayayya. Abu biyu cikin bayaninki suka fi damuna: ruwan da yake kwana, da mangwaron nan.

Gobe ki tsaya a filin da ƙarfe 8, da 10, da 12, da 2, da 4, duk inda inuwa ta tsaya ki ajiye dutse. Tumatir da attarugu da kuɓewa suna son rana ta kai awa 6 a kansu, in ba haka ba sai su yi tsawo su rame, fure ya zube. Ganye irin alayyafo da ayoyo suna haƙuri da awa 4. Gefen mangwaro na ganye ne ke nan, gefen yamma na masu 'ya'ya.

Sannan ki haƙa rami mai zurfin ƙafa 1, ki cika shi da ruwa, ya shanye, ki sake cikawa. In na biyun ya wuce awa 4 zuwa 5 yana nan, ƙasarki ba ta sakin ruwa, kuma ba ki da zaɓi sai tayar da gado, wato ki tara ƙasar wurin shuka ta yi tudu. Amma tun kafin gado, a raba filin da ruwan rufi. A sa wa kwanon indararo, a kai shi cikin duro ko tanki, rarar kuma a yi mata hanya zuwa kwata. Ruwan da ke faɗowa daga rufi yana daka ƙasa kamar taɓarya, ba tsiron da zai rayu a ƙarƙashinsa.

Alhaji Tanko (Asawase):
Malam Seidu, ni ban yarda da tayar da gado ba. Lambu komi ake yi masa, wato gurbin shuka da aka nutsar ƙasa. A Bawku da Galmi, inda albasar da muke ci take fitowa, ana nutsar da wurin shuka ne a kewaye shi da kunya, ruwa ya zauna ya ratsa. Gadon da aka tayar sama, iska da rana suna busar da shi ta gefe huɗu, yarinya za ta ƙare a ɗibar ruwa. Ruwan famfo kuma kuɗi ne.

Malam Seidu (Aboabo):
Alhaji, Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce a inda ta fito. Can damina ɗaya ce, lambun kuma na rani ne, manomi ne yake kawo kowane ɗigon ruwa. Nan Kumasi ruwan shekara yana kai kusan milimita 1,400, damina biyu: babba daga Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Komi a jar laka cikin Yuni tafki ne. Saiwa tana numfashi, in ta kwana biyu cikin ruwa sai ta ruɓe, ganye ya yi rawaya daga ƙasa, mai lambu ya zaci yunwa ce ya ƙara taki, abin ya ƙara lalacewa. A duba masu latas da albasa mai lawashi na Gyinyase, kusa da jami'ar KNUST. Sana'arsu ke nan shekara da shekaru, kuma a kan gadaje suke shuka.

Alhaji Tanko (Asawase):
To, da damina na bar maka. Amma hunturu fa? Daga Disamba zuwa Fabrairu Kumasi ma bushewa take yi.

Fuseini (Tafo):
Baba Alhaji, ana haɗa biyun. Gadon yana nan a tashe, amma in hunturu ya shigo sai a ja ƙasa da fartanya a yi wa bakinsa ɗan leɓe mai tsayin yatsu uku ko'ina, saman ya zama kamar faranti. Ruwan da aka zuba ba zai gangare ba. In damina ta dawo a fasa leɓen.

Yaya Mariama, ga lissafin filinki. Ƙafa 20 da 15 kusan mita 6 ne da mita 4 da rabi. Zai ɗauki gado 3, kowanne faɗin mita 1.2, tsawon mita 4, da hanya ta rabin mita tsakaninsu da kuma gefe. Kar faɗin ya wuce haka, domin hannunki ya kai tsakiya daga kowane ɓangare ba tare da kin taka ba. Gadon da ake takawa, aikin sassauta shi ya tashi a banza. Tsayi santimita 20, wato kamar taƙi ɗaya; tunda ruwa yana kwana a wurin, ki kai shi 25. Ƙasar da kika kwashe daga hanya ita za ki ɗora a kan gadon, hanyar ta zama magudana, ki ɗan karkatar da ita ta inda ruwa zai fita daga gidan.

Haƙan kuwa da diga za a yi, zurfin ƙafa 1. Yanzu ƙasar ta yi ƙarfe, a jiƙa ta da yamma a haƙa da safe. Kar kuma a haƙa laka tana caɓi, tana bushewa za ta koma dunƙule kamar bulo. A tsince siminti da kwalba da leda duka.

Mariama (Sawaba):
Na gode ƙwarai. An ce mini in sayi baƙar ƙasa mota guda in zuba a kai, wai jar ƙasa ba ta yin komai. Haka ne?

Hajiya Memuna (Sabon Zango):
Wa ya ce jar ƙasa ba ta yi? A kanta koko da filanten da gwaza na ƙasar Asante suke. Abin da ya sami ƙasarki shi ne magina sun kwashe fatar sama, sun bar miki ta ƙasa wadda ba ta da abinci. Abinci za ki mayar mata.

Baƙar ƙasa kuma ki tambayi inda aka ɗebo ta. Da yawa daga tsohuwar bola ake kwasowa. Baƙa ce, shuka tana sonta, amma a ciki akwai fasasshen batir, gilashi, allura, da tokar roba. Dalmar batir ba ta ruɓewa, tana nan cikin ƙasar, ƙurarta tana manne wa ganye, kuma yara ta fi yi wa illa. Haka duk ƙasar da ta fito daga wajen makanikai inda baƙin mai ya jiƙa ta, ko kyauta aka ba ki kar ki karɓa. In mai mota ya kawo, ki sa shebur ki juya tun kafin ya sauke. Ta gona tana ƙamshin ƙasa, za ki ga saiwoyi da tana a ciki.

Ni a ganina gado uku ba sa buƙatar mota. Kashin kaji ya ishe ki, kuma yankin nan ba abin da ya fi gidajen kaji yawa.

Malam Seidu (Aboabo):
Hajiya ta kawo mu inda yawancin sababbin lambu suke mutuwa, don haka bari in tsaya a nan.

Abin da ake sayarwa a buhu da sunan kashin kaji, shimfiɗar ɗakin kaji ce: kashi haɗe da garin katako. In sabo ne, illarsa uku. Na farko zafi da gishirinsa suna ƙone saiwar tsiro, ki ga dashe ya kwanta kwana biyu bayan kin sa shi, bakin ganyen ya bushe kamar an kusanta shi da wuta. Na biyu, ɗanyen garin katako kafin ya ruɓe sai ya ci naitirojin, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore. Ƙwayoyin da ke ruɓar da katakon suna janye shi daga ƙasa, shukar ta yi rawaya alhali taki na gindinta. Na uku, ɗanyen kashin kaji yana ɗauke da ƙwayoyin ciwon ciki, ruwan sama ya fantsama su a kan ganye.

Yadda ake gane wanda ya nuna: ki tura hannu tsakiyar buhu. In da ɗumi, ko wari ya hau miki hanci har ido ya yi ruwa, bai yi ba. Wanda ya yi baƙi-baƙi ne, yana marmashewa, ba a gane katakon sosai. In sabo kawai kika samu, ki tara shi tsibi a inuwa, ki yayyafa ruwa har in kin matsa a hannu ya dunƙule amma bai ɗiga ba, ki rufe da buhu ko ganyen filanten, ki juya duk mako. Mako 6 zuwa 8 yake ɗauka. Tunda ruwa ya kusa, ki nemi tsoho na gadajen farko, sabon kuma ki tara shi don Satumba.

Awo: kilo 2 zuwa 3 a kowace murabba'in mita. Gadonki ɗaya ya kusa murabba'in mita 5, wato bokitin fenti mai lita 20 cike ɗaya da rabi. Ki gauraya da ƙasar sama zurfin taƙi ɗaya, ki jiƙa, ki bar shi mako 2 kafin iri ya taɓa shi. Kashin tumaki da awaki ya fi sanyi, kuma a zango ba a rasa shi. Shi ana ninka awon, sai dai yana zuwa da irin ciyawa.

Abdul Razak (Dichemso):
Ƙari a kan na Malam: toka. Ƙasar daji irin tamu tana da ɗan tsami, tokar itace tana rage shi, tana kuma ba da abin da ke taimakon fure da 'ya'ya. Amma cikin tafin hannu ɗaya a murabba'in mita ya isa, sau ɗaya a damina. Kar a zuba ta rana ɗaya da kashin kaji, tana korar naitirojin ɗinsa ya bi iska. A ba su tazarar mako guda. Tokar da aka ƙona leda ko katako mai fenti a ciki ba ta shiga lambu. A filin Yaya Mariama ma, inda siminti ya daɗe a kwance, wataƙila tsamin ya riga ya ragu, ni da zan ce ta bar toka a wannan karon. Mai son tabbaci, cibiyar binciken ƙasa tana Kwadaso, suna gwada samfur.

Yashi kuma kar a ce za a sassauta laka da shi. Kaɗan a cikin laka ƙara mata tauri yake yi. Ƙaiƙayin shinkafa da ya ruɓe ko garin gawayi sun fi.

Alhaji Tanko (Asawase):
Duk wannan shiri, ba wanda ya ambaci shinge. A Sawaba! Tunkiya ɗaya za ta cinye aikin wata biyu kafin a idar da sallar la'asar. Shinge kafin iri. Tsayin ƙafa 4 aƙalla, ragar waya ko gora da aka tsaga aka jera kusa da kusa. Ƙasan ragar a binne shi yatsu huɗu, don kaji ta ƙasa suke shiga, kuma su ba ci ne kawai ba, tona gadon suke yi. Ƙofa ta zama mai rufe kanta, domin yaro ne zai bar ta a buɗe.

Mariama (Sawaba):
Allah ya saka da alheri, Baba. To in shingen ya tsaya, gadaje sun kwanta, tumatir zan fara renon sa?

Hajiya Memuna (Sabon Zango):
A'a 'yata. Na san shi ne ya fi ci miki kuɗi a kasuwa, amma tumatir a babbar damina ta Kumasi wahala ce ko ga gwani. Laima tana kawo ciwon ganye, baƙin tabo ya fara daga ganyen ƙasa ya hau sama. Ruwa yana kaɗe fure. Wanda ya ƙulla kuma ya tsage. Ki bar shi sai tsakiyar Agusta ki yi reno, ki dasa a Satumba, ya nuna cikin Nuwamba da Disamba lokacin da sama ta fara bushewa.

Yanzu ki ba gado ɗaya ayoyo da alayyafo, rabi da rabi, na gefen mangwaro. Gado na biyu kuɓewa. Na uku attarugu da yalo. Waɗannan suna son zafi da ruwa, kuma cikin wata guda kin fara tsinkar ganyen miya.

Ayoyo yana da sirri ɗaya. Ƙwayarsa tana da taurin ɓawo, in kin watsa haka nan rabi ba zai fito ba, sauran ya riƙa fitowa ɗaya-ɗaya har wata. Ki ƙulle irin a ƙyalle, ki tafasa ruwa ki sauke, ki tsoma ƙullin ki ƙirga goma, ki cire ki tsoma a ruwan sanyi, ki baza a inuwa ya sha iska, ki shuka a ranar. Kar ki wuce ƙirga goma, dafa shi za ki yi. Wanda aka tsoma ba a ajiye shi.

Shi da alayyafo ƙwayarsu ƙanana ce, a haɗa cokali 1 na iri da cokali 10 na busasshen yashi don kar su taru wuri ɗaya. Ki ja layi da yatsa a faɗin gadon, tazarar taƙi ɗaya tsakanin layi, zurfin bai kai rabin gaɓar yatsa ba. Wanda aka binne da zurfi ba ya fitowa. In sun kai tsawon yatsa ki rage su, ki bar faɗin tafin hannu tsakanin tsiro da tsiro; waɗanda kika cire na miya ne. Daga mako 4 zuwa 5 ki fara yanka, amma ki bar kututture taƙi ɗaya, zai sake tohowa, ki yanka duk mako 2 har sai ya fara fure.

Fuseini (Tafo):
Kuɓewa ba a dasa ta, ba ta son a taɓa mata saiwa. A jiƙa irin ya kwana, a sa ƙwaya 2 ko 3 a rami mai zurfin gaɓar yatsa ɗaya, in sun fito a bar mai ƙarfi guda. Layi 2 a gado, santimita 60 tsakaninsu, 40 tsakanin rami da rami, wato gindi 20 a gadon Yaya. Ya ishi gida har a ba maƙwabta. Irin gida da ake kira Asontem yana saurin haihuwa, wajen wata 2. In ta fara, a tsinka duk kwana 2 ko 3. Wadda aka bari ta ƙosa a jiki tana sa uwar ta daina fure.

Attarugu da yalo su ne na reno, kuma tun yau ya kamata a fara, don suna ɗaukar mako 5 zuwa 6 kafin dashe. A sami akwatin katako ko tsohon baho a huda ƙasansa. Ƙasa kashi 2, ruɓaɓɓen taki kashi 1, a tankaɗe. A kwara mata tafasasshen ruwa a bar ta ta huce ta tsane, wannan yana rage ciwon da ke kama tsiro a wuya ya faɗi kamar an tsunkule shi. Ciwon nan cunkoso da yawan ruwa ne suke kawo shi, saboda haka a shuka a layi, a yi ban ruwa da safe kawai. A ɗora akwatin a kan benci, a rufe da tsohon gidan sauro saboda ƙadangare da farin ƙuda. Mako guda kafin dashe a rage ruwa a ƙara fito da shi rana, ya saba. Dashe da yamma, da ƙasar gindinsa, a shayar nan take. Attarugu santimita 60 ko'ina, yalo 75 don yana buɗewa.

Kafin a zuba kuɗi a iri: a duba kwanan watan da ke jikin fakiti, a guji wanda ya sha rana a kan tebur. A ɗauki ƙwaya 10 a naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle. In 7 sun tsiro, iri ne. Barkono yana iya kai kwana 10 zuwa 14, kar a yi saurin yanke masa hukunci. Wanda aka rubuta F1 a jikinsa yana haihuwa da kyau, amma ba a ɗibar iri daga 'ya'yansa, ba sa fitowa kamar uwar.

Abiba (Madina, Accra):
Ina bin ku daga Accra. Ga 'yan'uwa na nan da ke karantawa, kar a kwashe lissafin Kumasi gaba ɗaya. Ruwanmu bai fi kusan rabin nasu ba, don haka maganar Baba Alhaji ta komi tana da wuri a nan, in ba unguwar da ambaliya ke ci ba ce. Kuma rijiyoyi da burtsatse da yawa a Accra suna da gishiri. A ɗanɗana, in ana ganin farin ɓawo a saman ƙasa bayan ta bushe, gishiri ne yake taruwa.

Wanda tsakar gidansa siminti ne, kamar yawancin gidajen haya a Nima da Mamobi, buhun shinkafa mai kilo 50 yana yi. A naɗe bakinsa ya dawo rabi, a huda ƙasa da gefe, ƙasa kashi 2, taki kashi 1, ɓawon kwakwa da aka farfasa ko ƙaiƙayi kashi 1. Gindin attarugu 1 a buhu, ko ayoyo cike. A ɗora a kan bulo don ruwa ya fita. A kuma nemi izinin mai gida tun kafin a jera.

Abdul Razak (Dichemso):
Maganar ruwa. In ba a yi ruwan sama ba, lissafi lita 5 ne a murabba'in mita a yini. Gado ɗaya na Yaya Mariama galan Kufuor ɗaya ke nan, wato jarka mai lita 25. Gado uku, galan uku. A zuba a gindi da sassafe, a jiƙa sosai. Yayyafi kaɗan-kaɗan sau da yawa yana sa saiwa ta tsaya a sama, rana ɗaya aka fasa sai shuka ta kwanta. A tura yatsa gaɓa biyu, in da danshi a bari.

Rufin da yake damunta shi ne zai shayar da ita. Kowace milimita ta ruwa a kan murabba'in mita ɗaya na kwano lita 1 ce. Rufi mai murabba'in mita 20, ruwan milimita 25, lita 500 ke nan a dare ɗaya. A bar na farkon damina ya wanke kwanon ya zube, a rufe duro saboda sauro.

Ruwan kwata da na rafin Aboabo ko Subin kar ya taɓa ganyen da za a ci. Na wankin shinkafa da na alwala ba laifi. Na omo da bilic a'a. In akwai ramin masai a bayan gidan, gado ya nisance shi, kuma kar ya kasance ta inda ruwa ke gangarowa daga can.

Sai rufe ƙasa. In tsiro ya kai taƙi, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa marar iri kaurin yatsu uku, a bar ɗan fili kewaye da kara saboda gara da ruɓa. Tana hana ruwan sama daka ƙasa, tana hana laka fantsama a ganye, ciyawa ma ba ta samun fitowa.

Ni kuma ina ganin a sabuwar ƙasa irin wannan, attarugu da yalo da kuɓewa suna buƙatar ɗan takin zamani. NPK 15-15-15, cikin murfin kwalbar lemo 1 ga kowane gindi, mako 2 bayan dashe, a nesa da kara faɗin yatsu huɗu, a binne. A maimaita in fure ya fara.

Hajiya Memuna (Sabon Zango):
Abdul Razak ɗana, a nan mun rabu. Wanda ya sa kashin kaji kilo 3 a mita ba ya buƙatar na buhu. Mutane ba sa tsayawa a murfin kwalba, hannu suke cikawa. Sai shuka ta yi ganye shar ba 'ya'ya, darɓa ta taru a kan laushin. Alayyafon da aka ɗura wa takin zamani kuma ruwa ne, kafin yamma ya yi laushi, a tukunya ya narke.

Abdul Razak (Dichemso):
Mma Hajiya, a ganye na yarda, kar a sa. Amma yalo yana wata 4 zuwa 5 yana haihuwa, ruwan Yuni kuma yana wanke abinci ya yi ƙasa. Ko dai murfin kwalba, ko a riƙa ƙara ruɓaɓɓen taki cikin hannu biyu a gindi duk wata. Ɗaya dai dole.

Hajiya Memuna (Sabon Zango):
Na biyun nake so ta yi.

Malam Seidu (Aboabo):
Ku bar ta ta duba shukar. In tsofaffin ganye na ƙasa sun fara rawaya alhali ƙasar ba ta jiƙe da yawa ba, yunwa ce, ta ƙara wanda ya sauƙaƙa mata.

Abin da nake so ta sani tun yanzu shi ne ciwo biyu na cikin ƙasa, don ba feshin da ke maganinsu. In shuka tana yaushi da rana ta farfaɗo da dare, ba ta girma, ki tuge ɗaya. In saiwar ta yi ƙulli-ƙulli kamar carbi, tsutsar saiwa ce, wadda ido ba ya gani. Tana son kuɓewa, tumatir, yalo da ayoyo. In kuma tumatir ko yalo ya yi yaushi gaba ɗaya yana kore shar, cikin kwana biyu ya mutu, ki yanke karan kusa da ƙasa ki rataya bakinsa cikin ruwa a kofin gilashi. In farin abu kamar zaren madara ya riƙa sauka, ciwon yaushi ne na ƙwayar cuta. Ki tuge da ƙasar gindin ki fitar daga lambun, kar ya shiga tsibin taki, ki wanke fartanya.

Shi ya sa gado uku suke da amfani. Tumatir, attarugu da yalo 'yan gida ɗaya ne, ciwonsu ɗaya. Tumatirin Satumba kar ya hau gadon da yalo ya tashi. Ki sa shi a rabin da alayyafo ya zauna, in rana tana isa wurin. Gadon da ya nuna ƙulli a ba shi masara ko albasa mai lawashi damina guda.

Mariama (Sawaba):
Ƙwari fa? Maƙwabciyata kuɓewarta duk ganyen ya zama rariya.

Fuseini (Tafo):
Wannan ɗan ƙaramin ƙwaro ne mai tsalle, ruwan ƙasa ko shuɗi-baƙi. Babbar kuɓewa tana jure shi, ƙarama ce yake kassarawa, kuma yana yaɗa ciwon da ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare. Maganin gida 'ya'yan dogon yaro ne: busassu giram 50 a lita 1 ta ruwa, wato rabin kilo a bokitin lita 10. A daka, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulun alata, wato sabulun salo, kamar girman ƙwayar gyaɗa biyu don ya kama ganye. A fesa da yamma, har bayan ganye inda darɓa da farin ƙuda suke ɓuya, duk mako, a maimaita in ruwa ya wanke. Ba ya kashewa nan take, hana su ci yake yi, don haka a fara da wuri. A gwada a gindi biyu tukuna, sabulu in ya yi yawa yana ƙona ganye.

Dodon koɗi da dare yake fita, a bi shi da tocila a tsince. Tsiron da aka tarar da safe an yanke shi daidai ƙasa, a tona gindin da yatsa, tsutsar tana nan a naɗe, ko gyare.

Roƙona ɗaya: maganin feshin koko ba na kayan miya ba ne, ko da mai shago ya ce yana aiki. Duk maganin da za a saya a karanta kwana nawa ake jira kafin girbi. Kuɓewar da ake tsinka duk kwana 2 ba ta da wannan jiran, shi ya sa dogon yaro ya fi dacewa da ita.

Mariama (Sawaba):
Na rubuta duka. Saura ɗaya: in ruwan farko ya sauka a Maris, in shuka washegari?

Alhaji Tanko (Asawase):
Kar ki yi. Ruwan farko yakan zo da iska ya tafi, a yi kwana 10 ko fiye ba wani, ga zafin Maris. Iri ya tsiro ya ƙone. In kina da galan ukun nan kullum a hannu, ba ruwanki da jiran sama, ki shuka ganye da zarar takin ya cika mako 2. In da sama kika dogara, ki bari a yi ruwa biyu ko uku kusa da juna, ki tona ki ga danshi ya kai zurfin taƙi. Ranar da kika watsa ayoyo da alayyafo ki rufe layukan da ganyen kwakwa ko busasshiyar ciyawa sama-sama, don ruwa mai ƙarfi kar ya kwashe irin ya tara shi a hanya. Ki leƙa kullum da safe. Alayyafo yakan fito a kwana 3 zuwa 5, kina ganin kore ki ɗage rufin a ranar.